Tsingaro a Sawakin

Da hantsi na haye gadar tsibirin,
takalmi ɗaya a hannu, maɗaurinsa ya tsinke.
Uhaj na gabana, sanda gicciye a kafaɗa,
hannuwa rataye a kanta kamar shanya.
Ya ce, "Taka a hankali, baƙo,
duk inda ka sa ƙafa, ɗakin wani ne a da."

Da dutsen murjani aka gina garin nan,
teku ce ta ba da aro,
ga ta tana karɓar abinta da kaɗan-kaɗan.
Gishiri na cin bango cin gara,
bene hawa uku ya durƙusa ya koma ɗaya,
taga ta saura a tsaye
babu ɗakin da za ta haskaka.

Muka wuce gidan kwastan na zamanin Turawa.
Ƙofar na nan da bakan gizonta na dutse,
sai dai akuya ke karɓar haraji yanzu,
kwali take amsa, ba ta ba da rasit.
A banki, inda aka ƙirga fam da sule,
kyanwa bakwai muka tarar kan kanta,
ko ɗaya ba ta motsa ba.
Uhaj ya yi musu sallama. Na yi dariya.
Ya ce, "Kai da yamma za ka tafi,
ni a garin nan nake kwana."

Layin fatake ya fi ko'ina shiru.
Nan Ba'indiye ya auna yadi da kamu,
nan Bagirke ya jera sabulu da zaitun,
can wani Bayamale ya tara buhunan gahawa.
Na ce, "Mutanen Sin fa, ina unguwarsu?"
Ya karkata kai.
"Su ban ji an ce sun zauna ba.
Kwanukansu dai sun zo, sun kwana, sun mutu a nan."
Ya tona ƙasa da bakin sanda.

Fari ne, da zanen shuɗi,
bai kai tafin hannun jinjiri ba:
wutsiyar kifi, da rabin igiyar ruwa.

Sai na zauna a kan tudun wani soro.

Kakata Tasalla daga Gumel ta taso a ƙafa,
shekara shida tana bin gabas,
a nan ƙasa ta ƙare mata, ruwa ya fara.
Wata goma sha ɗaya ta yi jiran jirgi
tana wanke-wanke a gidan wani attajiri.
Ba ta cika ba mu labarin Arfa ba,
sai na wani kwanon tangaran mai kifi shuɗi
da ya suɓuce mata ranar wata Laraba,
aka yanke mata ladan wata guda.
Har ta tsufa, in ta ɗauki kwano,
hannu biyu take sa masa.

Na san ba shi ba ne.
Kwano nawa ya fashe a tsibirin nan?
Hannu nawa ya yi santsi da sabulu?
Duk da haka na goge shi da bakin riga,
na ce a raina, Iya, ga wutsiyar,
sauran kifin ya riga ki haye teku.

Na kai shi aljihu. Uhaj ya yi gyaran murya.
"In kowa ya tafi da ɗaya,
jikana me zai nuna wa jikanka?"
Na mayar. Na rufe da ƙasa yadda na same shi.

A bakin gada wata mata ta dafa mana gahawa,
citta ta yi yawa har na yi tari.
Finjalin ɗan ƙarami, bakinsa ya ɗan ɓalle.
Na juya gindinsa don in ga daga ina.
Daga Sin.
Na riƙe shi da hannu biyu.